Awa Ukun Malama

Ni ne mai ƙidayar awoyi a sashenmu, kuma ba don na fi kowa iya lissafi aka ba ni aikin ba. An ba ni ne don bakina ba ya shiru a taro. Shugaban ƙungiyar malamai na kwalejinmu ya ce tunda ina da ƙorafi a kan komai, gara in riƙe wani abu da ni ma za a yi mini ƙorafi a kansa. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, shi ke nan na zama wakilin ƙungiya a sashen koyar da aikin gona. Duk farkon zangon karatu sai in zauna a taron rabon kwasa-kwasai, in tabbatar ba a ɗora wa kowa kaya fiye da abin da yarjejeniyarmu da hukumar kwaleji ta ce ba.

Da yajin aiki muka samo yarjejeniyar nan, yaji mai tsawo. Na tuna zaman da na yi a ƙofar gidana a Ɗan Iya, ina kallon kekuna suna wucewa, in shiga gida in fito, in sake shiga. Har uwargidana ta ce in ba za a koma makaranta ba to in nemi inda zan riƙa zuwa, don ta gaji da ganina ina zagaya tsakar gida ina gyara abin da bai lalace ba. Ranar da aka sa hannu kuwa mun yi murna ƙwarai. Ni kaina na tsaya a gaban taro na ce daga yau an daina mayar da malami jakin kowa.

Ga abin da yarjejeniyar ta ce a kan nauyin koyarwa. Malami ba zai wuce awa goma sha biyu a mako ba. Sai dai a wurinta ba kowace awa ce awa ba. Wadda ka yi tsaye a gaban allo, fanka na kaɗa maka, ita ce cikakkiya. Wadda ka yi a gona, rana na dukan ƙeyarka, rabi ake rubuta maka. Wanda ya kawo wannan tsarin, na rantse bai taɓa riƙe fartanya ba. Yawan ɗalibai ba ya cikin lissafi, ko aji ya cika har ana leƙe ta taga, awa ɗaya tana nan a awa ɗaya. Takardun jarrabawa da za ka duba har idonka ya yi ja, su ma babu su. Shugaban sashe ana rage masa saboda zaman ofis. Malaman wucin gadi kuwa, waɗanda ake ɗauka zango-zango, ba a ma ambace su ba, domin ba 'yan ƙungiya ba ne, kuma dokarmu ba ta ba su damar shiga ba. Duk wannan na san shi tun ranar farko, na kuma yi surutu a kansa, aka ce in yi haƙuri, ba a samun komai rana ɗaya.

Akwai sakin layi guda a yarjejeniyar da muke alfahari da shi. Idan kowane malami a sashe ya cika awoyinsa, aka samu wani kwas ya rage babu mai ɗauka, kuma ya kai ƙarshen zango ba sunan kowa a kansa, to dole hukuma ta ɗauki sabon malami na dindindin. Amma da zarar wani daga cikinmu ya yarda aka sa sunansa, magana ta mutu. Sai a ba shi ɗan alawus na ƙarin kaya, ba a ɗauki kowa ba. Irin wannan kwas muna ce masa maraya.

Akwai wata malamar wucin gadi a sashenmu wadda kowa ke kira Malama kawai, kamar babu wata malama a kwalejin sai ita. Ɗalibata ce a da. Iyayenta 'yan kudu ne, mahaifiyarta tana da shagon robobi da kwanuka a Kasuwar Muda Lawal, amma ita a Bauchi aka haife ta. Hausa ba ta yi mata gardama ko kaɗan, sai dai a wurinta mace da namiji duk "shi" ne, kuma na daina gyara mata tun tana aji ɗaya. Ita ke koyar da noman rani ga 'yan ajin ƙarshe: awa ɗaya a aji, huɗu a lambu, wato awa uku ke nan a lissafinmu. Gonar kwaleji ba ta da ruwa da rani, don haka ta je da ƙafarta ta roƙi manoman da ke ban-ruwa a kusa da dam ɗin Gubi, suka ara mata 'yan fangaloli. Shekara da shekaru tana haka, ana sabunta mata takarda zango bayan zango, ana ce mata ta ƙara haƙuri, gurbi na nan tafe. Ina ganinta tana shigowa sashe da laka a takalmi, ba ta da ofis, ba ta da ko kujerar da za ta ce tata, kuma abin yana cina.

A shekarar da nake ba da labari, hukuma ta sallami duk malaman wucin gadi ana gab da komawa karatu. Wasu suka yi ta jimami, ni kuwa na ji wani irin daɗi da ban iya ɓoyewa ba. Na duba awoyin mutanen sashenmu, na ga kowa ya cika. Noman rani zai zama maraya, kuma babu wanda ya dace da gurbin da zai buɗe in ba Malama ba. Shugaban sashe da bakinsa ya ce mini in dai aka ba shi gurbi, sunanta zai tura.

Kafin taron rabo na bi ofis-ofis. Na ce wa kowa kada ya kuskura ya taɓa kwas ɗin nan, wanda ya taɓa kuma ni da shi ne. Ranar taron, shugaban sashe ya karanto kwasa-kwasai, kowa ya amsa nasa, har aka zo kan na Malama.

"Noman rani," ya ce, ya ɗago kai ta saman tabarau. "Wa zai taimaka mana?"

Babu wanda ya ɗaga hannu. Wani abokin aikinmu da aka sani da son alawus ya gyara murya, na juya na zuba masa ido har ya mayar da abin tari. Shugaban sashe ya maimaita tambayar, sannan ya juyo wurina.

"Wakilin ƙungiya?"

"Kowa ya cika, ranka ya daɗe," na ce. "Maraya ne."

Da na fito na kira Malama a waya, ina tafe ina magana. Na ce mata abu ɗaya nake roƙonta, ta zauna a gida zango ɗaya tak, kada ta ko biyo ta hanyar kwalejin. Na yi mata bayanin sakin layin nan na maraya sau biyu. Ta saurara har na gama.

"To yaran fa, Malam?" ta ce. "'Yan ajin ƙarshe ne. In ba su yi kwas ɗin ba, ba za su fita ba."

Na ce ai shi ne ƙarfinmu. Hukuma ba za ta bari 'yan ajin ƙarshe su maimaita shekara ba, kafin a kai tsakiyar zango za ta neme ta da kanta. Ta ce to, Allah ya sa. Na lura "to" ɗin ba ta da ƙarfi, amma murna ta hana ni tsayawa a kanta.

Shugaban ƙungiya ya yaba mini. Shi mutum ne mai son magana a tsaye, ko da a kan tabarma ake zaune. "Kwamared," ya ce, "hukuma ba ta jin kira, sai ihu. Bar yaran su yi ihu. Kai dai ka riƙe mutanenka."

Ihun kuwa a ofishina ya fara sauka. Shugaban ajinsu magidanci ne, malamin firamare daga wani ƙauye, da hutun karatu ya zo, kuma hutun a shekarar zai ƙare. Ya shigo ya tsaya, ya ƙi zama, yana murza hularsa a hannu.

"Malam, an ce kai ka hana a koyar da mu."

"Wa ya ce?"

"Haka dai ake faɗa. Ni in na ƙara shekara za a cire sunana a wurin aiki. Ina da iyali, Malam."

Na yi masa bayanin awoyi, da rabin awa, da maraya, ina jin kaina ina magana kamar rediyo. Ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya kyauta, ya fita.

Daga nan na rasa sukuni. Kullum ina hanyar ofishin rijistara, kullum amsa ɗaya, ana kan duba maganar. In na zauna duba takardu sai in tashi, in na shiga aji sai in manta inda na tsaya jiya. A gida uwargida ta ce na koma irin na lokacin yaji, har ta ɓoye mini akwatin kayan gyara. Sai kuma wani abu ya faru da ya fi ihun damuna: ihun ya tsaya. Ɗaliban suka daina zuwa ofishina. In na haɗu da shugaban ajin sai ya gaishe ni da fara'a ya wuce. A ofishin rijistara ma aka fara ce mini in zauna in sha ruwa. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma ban gano bakin zaren ba.

Wata Asabar uwargida ta aike ni Muda Lawal sayen buhun masara. Da na gama na ce bari in biya in gaida mahaifiyar Malama. Na same ta tana jera bokitai a bakin shago.

"A'a, Malam! Sannu da zuwa. Yaya iyali? Malama ba ya nan fa, ya tafi Gubi tun da safe da yaran makarantanku. Kowane Asabar haka yake yi, ko shago ba ya taya ni."

Na bar masarar a shagonta. Na tari keke zuwa inda ake hawa motar Gubi, na zauna a cikin motar ina jiran ta cika, ina ji kamar in sauka in tura ta. Duk tsawon hanya ina tsara maganganun da zan faɗa, masu zafi, ina gyara su ina ƙara musu barkono.

Tun daga nesa na hango su. Injin ban-ruwa na ta ƙara, ruwa na bin kwalbati yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai sun duƙa a jere suna dashen albasa. Shugaban ajin ya naɗe wando har gwiwa. Malama tana tsakiyarsu, hannunta laka har gwiwar hannu, tana nuna wa wata ɗaliba zurfin da za ta tura saiwa. Wani dattijo cikin manoman, mai fangalolin, yana zaune a kan juyayyen bokiti yana kallo. Da ɗaliban suka gan ni sai aka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

"Me kike yi a nan?" na ce. Duk maganganun da na tsara a mota sun gudu.

"Dashe, Malam. Sannu da zuwa."

"Na ga dashe, ai ba makaho ba ne ni! Me muka yi da ke? Ba na ce ki zauna a gida ba?"

Ta wanke hannu a ruwan kwalbati, ta matso don kada ɗalibai su ji, ko da yake duk sun riga sun ji.

"Malam, tun a hutu na zuba iri, kafin a sallame mu. Haka nake yi kowane shekara. Iri ya kai dashe. In na bar shi ya tsufa a wurin reno, ba zai yi kai ba, lawashi kawai za a samu. Albasa ba ya jiran hukuma."

"To ya mutu mana! Albasa nawa take? Aikinki nake nema miki, ke kina nan kina rusa shi da hannunki!"

"Me na rusa?" ta ce a hankali. "Kai ka gaya mini ba na cikin lissafinku. Awana ba awa ba ne, ko rabi ba a rubuta mini. Wanda babu shi a lissafi, me zai ɓata?"

A takarda gaskiyarta ne, kwas ɗin yana nan maraya, ba sunan kowa. Dattijon nan ya ce daga kan bokitinsa, "Malam, matsa kaɗan, ka taka mini tiyo." Na matsa. Na tara ɗaliban na ce musu kada wanda ya kai maganar nan kwaleji. Suka ce to, wasu suna kallon ƙasa, na gane ihu nake yi bayan hari. A Bauchi mutum talatin su hau mota kowace Asabar da fartanya a hannu, a ce babu wanda ya sani? Hukuma ta sani tun makon da suka fara zuwa, shi ya sa ake ba ni ruwa a ofishin rijistara.

Shugaban ƙungiya da ya ji labari ya yi tsalle ya dire. Ya ce wannan zagon ƙasa ne, ya ce an soke mu ta baya. Na ce ya iya bakinsa, yarinyar nan ba ta ci amanar kowa ba, domin babu wanda ya taɓa ba ta amanar komai. Muka yi musayar yawu a bakin ofishinsa har masu shara suka tsaya kallo. Daga ƙarshe ya sassauta murya.

"Ba 'yarmu ba ce, Kwamared. Ba mu da ikon hana ta, ba mu da ikon kare ta. Amma saura ƙofa ɗaya. Tunda an sallame ta, sakamako ba zai shiga majalisar kwaleji ba sai da sunan malami na dindindin. Ta koyar da su har ta gaji, in dai babu wanda ya sa hannu, maraya yana nan maraya. Ka riƙe hannunka, ka riƙe na mutanenka."

Sauran zangon a tsaye na yi shi. Wata Asabar in ce ba zan je Gubi ba, sai in tsinci kaina a mota. In je in tsaya a gefe ina hura hanci, ba na taimakawa, ba na tafiya. Albasa ta yi kai, ta yi kyau abin haushi. Malama ta yi musu jarrabawa a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ta duba, ta ba kowa makinsa, ta kai wa shugaban sashe a cikin ambulan.

Ana saura 'yan kwanaki majalisa ta zauna, shugaban sashe ya kira ni. Ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi.

"Kai ka koyar da ita wannan fannin," ya ce. "Duk sashen nan sunanka ne kawai majalisa za ta karɓa a kansa ba tare da tambaya ba. In ka sa hannu, yara sun fita. In ba ka sa ba, kwas ya ƙare zango a maraya, hukuma ta ba ni gurbi, ni kuma in tura sunanta kamar yadda na yi alkawari. Amma yaran sai baɗi. Ni ba zan tilasta maka ba."

Gaba kura, baya sayaki. Na ce ya ba ni zuwa gobe, na fita na tari keke zuwa Muda Lawal. Ana zafi ranar, kasuwa ta cika, masu baro suna ta "hanya, hanya," ni kuma ina kutsawa kamar wanda ake bi. Na same ta a cikin shago tana ɗaure murafen robobi, mahaifiyarta tana zaune a kan benci. Na faɗa musu yadda ake ciki, ban rage komai ba. Na ce kwana kaɗan ya rage, abin da ta yi shekaru tana jira ya zo bakin ƙofa, ba a neman ta yi komai, ni ma ba a neman in yi komai, shiru kawai za mu yi.

Mahaifiyarta ta riga ta magana. "Malam, gaya masa! Shekara nawa yana wahala, rana, ruwa, babu ofis, babu komai. Yaran wasu za su fita su samu aiki, nawa yana zaune a shago. Gaya masa!"

Malama ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɗaurin da take yi.

"In aka ɗauke ni, Malam, wane kwas zan koyar baɗi?"

"Noman rani mana."

"Ga su wa?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ga su ɗin dai," ta ce. "Zan tsaya a gabansu in koya musu dashen da suka riga suka yi da hannunsu, suna kallona, sun san da shekararsu na sayi kujerana. Shugaban ajin ma ba zai dawo ba, aikinsa ya tafi. Ni ba zan iya ba. Ka sa hannu, Malam. Don Allah."

Na ce mata ba ta da wayo. Na ce kirkin da zai bar mutum a rana ba kirki ba ne. Na ce baɗi wasu yaran za su zo, da baɗin baɗi, kuma duk sun fi buƙatarta a kan waɗannan. Na faɗi abubuwa da yawa, da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na ji, Malam. Ka sa hannu." Ban taɓa jin haushin mutumin kirki kamar yadda na ji ranar ba, kuma ban taɓa ganin girman wani ɗalibina kamar yadda na ga nata ranar ba. Mahaifiyarta ta tashi ta koma ƙuryar shago, ba ta yi mini sallama ba.

Na auna abin ta kowace fuska a hanyar gida. Zan iya ƙin sa hannu in sama mata aikin da ƙarfin tsiya. Amma gumin nata ne, gurbin nata ne, ita ce kuma ta ce ga yadda za a yi da su. Washegari na sa hannu.

Yaran suka fita. Shugaban ajin ya zo har gida da kwandon albasa, na ce ya kai Muda Lawal, ya ce ai ya fara kaiwa can. Shugaban ƙungiya ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, a babban taro kuma ya yi magana a kan wasu da ke sayar da gwagwarmaya, bai kama suna ba, amma kowa ya waiwayo. Ban tanka ba, wanda duk ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya alawus na ƙarin kaya ya shigo da sunana, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kai wa Malama, ta ce in saya wa manoman man inji.

Na ɗauka shekara mai zuwa zan sake mayar da kwas ɗin maraya, mu sake gwadawa. Na manta da al'adar sashenmu, wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba amma ta fi yarjejeniya ƙarfi: kwas ɗin da ya taɓa hawa sunanka ya zama naka. A taron rabo shugaban sashe ya karanto noman rani a ƙarƙashin sunana. Kafin in buɗe baki ya ce an cire mini wani kwas ɗin da nake koyarwa mai awa uku, an haɗe ajin da na wani abokin aikinmu da ke koyar da irinsa a babban ɗakin taro. Ɗalibansa sun ninka, amma ai ba a ƙidaya kawuna, awoyinsa suna nan yadda suke. Nawa ma sha biyu cif. Na juya takardar sama da ƙasa ina neman inda zan kama, babu. Hukuma ta karanta yarjejeniyar nan fiye da yadda muka karanta ta.

Tun daga lokacin ni ke kai ɗalibai Gubi. Shekarar farko dattijon nan ya tare ni da tambaya, "Ina Malama?" Na ce tana nan tafe. Shekara ta biyu ya sake tambaya, na ce tana kasuwa. Yanzu ya daina, sai dai in na nuna wa yara wani abu ya ga ba haka take yi ba, ya yi gyaran murya daga kan bokitinsa. Ita kuwa ta karɓi shagon, don ƙafa ta fara damun mahaifiyarta. In na biya ta Muda Lawal takan miƙe ta ba ni benci, ta tambayi yara nawa ne bana. Kuma duk shekara, ana cikin hutu, wayata za ta yi ƙara.

"Malam, ka zuba iri? Lokaci yana wucewa fa."

A duk zaman da ƙungiya ta yi kan sabunta yarjejeniya ina tashi in ce a sa malaman wucin gadi a lissafi, a ƙidaya kawuna, a mayar da awar gona awa. An san ni da maganar har wasu na fara ta kafin in miƙe. Ana rubutawa, a ce za a duba.

Makon jiya aka yi taron rabo na wannan zangon. Shugaban sashe ya karanto komai, kowa ya amsa nasa, noman rani awa uku, sunana. Ya cire tabarau ya juyo wurina kamar yadda ya saba.

"Wakilin ƙungiya, lissafi ya yi daidai?"

Na duba takardar. Babu wanda ya wuce sha biyu, babu maraya.

"Ya yi daidai," na ce.